Adireshin Haya da Adireshin Gida: Rabon Adiresoshin IP na Dindindin Tsakanin Sabobi a Ƙananan Cibiyoyin Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata ƙaramar ma'aikata ta raba adiresoshin IP na dindindin tsakanin sabobinta, bisa la'akari da halin wutar lantarki, sadarwa da tsaron hanya a Gusau, Tsafe da Bungudu. Matsayin maƙalar shi ne, adireshin da kamfanin intanet ke bayarwa na haya ne, saboda haka ya tsaya a kan rauta, wato na'urar da ke haɗa cikin gida da intanet, a riƙa ba da shi gwargwadon hidimar da aka buɗe wa mutanen waje. Abin da ya cancanci zama dindindin shi ne tsarin adiresoshin cikin gida, wanda ma'aikata ta zana da kanta, ta rubuta, kuma zai ci gaba da aiki ko da an yanke intanet ɗungurungum.

Gabatarwa

Ranar da kamfanin intanet ya miƙa wa ma'aikata takarda ɗauke da adiresoshi biyar na dindindin, tambayar da ke fara zuwa bakin jami'in kwamfuta ita ce, wace saba za a ba wanne? Saba dai ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. A asibiti ko makaranta za a iske ta bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai, da ta shafin intanet, da ta lissafin kuɗi, ga kuma na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana rubuta wa kowace nata adireshi har biyar ɗin su ƙare, aiki ya tashi, kowa ya ce an gama. Wannan hanya tana da sauƙi a ranar farko, amma ta ɗaure rayuwar ma'aikatar da abubuwa biyu da ba a hannunta suke ba, wato kamfanin da ya ba da adireshin da kuma layin da ke zuwa daga waje. A wannan yanki namu duka biyun sun riga sun nuna cewa ba a dogara da su kacokan.

Abin da kamfani ke bayarwa

Ƙa'idar IPv4 da aka fitar a 1981 ta tanadi adiresoshi kusan biliyan 4.3 ga duniya baki ɗaya. A ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar na duniya. Ta Afirka, wato AFRINIC mai mazauni a tsibirin Mauritius, ta shiga mataki na biyu na tsuke rabo a Janairun 2020, inda mafi yawan abin da take ba mai nema a lokaci guda ya koma adiresoshi 1,024. Ƙarancin ya sa adireshi ya zama haja mai farashi. Daga 1 ga Fabrairun 2024 kamfanin Amazon ya fara karɓar dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, kimanin dala 44 ke nan a shekara, ko ana amfani da shi ko yana ajiye.

Shi ya sa abin da ƙaramar ma'aikata ke samu bai cika wuce rukunin da ake rubutawa /29 ba, mai adiresoshi takwas. A ɗauki misalin 203.0.113.8/29, daga cikin adiresoshin da aka keɓe don misali a rubuce-rubuce. Na farko, mai ƙarewa da 8, sunan rukunin ne, ba a ba kowa. Na ƙarshe, mai ƙarewa da 15, na shela ne ga duk na'urorin rukunin. Mai ƙarewa da 9 yawanci kamfani ke riƙewa a matsayin mashiga. Daga 10 zuwa 14 su ne biyar ɗin da suka rage. Wannan ma ga wanda ya ja layin kasuwanci ne. Layin data na waya da ake sakawa a 'yar rauta a al'ada ba ya zuwa da adireshin waje ko ɗaya, domin kamfani kan tara ɗimbin masu amfani a bayan adireshi guda, ta dabarar da ake kira CGNAT, wadda aka keɓe wa rukunin 100.64.0.0/10 a 2012. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ma haka tsarinsa na gama-gari yake.

Muhimmin abin lura shi ne waɗannan biyar ɗin mallakar kamfani ne. Tamkar shagon haya suke a kasuwa, ana iya kafa allon suna a kai, amma ranar da aka raba gari da mai shago, lambar shagon ba ta bin ɗan haya. Ma'aikatar da ta rubuta adireshin kamfani a jikin sabarta, ta kuma cusa shi a saitin manhajar kowace kwamfuta da kowace firinta, ta sayi wahalar sake bin na'urorinta ɗaya-ɗaya duk ranar da ta sauya kamfani. Sauya kamfani kuwa ba baƙon abu ba ne a nan, ana yi saboda tsada, ana yi saboda yankewar kebul, ana yi saboda an samu wanda ya fi ƙarfi a unguwa.

Hujja daga shekarar 2021

A ranar 3 ga Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar a zamanin Gwamna Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ambata. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran sassan jihar suka jira har wajajen ƙarshen Nuwamba. Ba aikin wannan maƙala ba ne auna amfanin matakin ta fuskar tsaro. Abin da ya shafe ta shi ne, duk ma'aikatar da intanet ɗinta ya dogara da waɗannan turaku ta zauna makonni babu hanyar fita, alhali marasa lafiya ba su daina zuwa asibiti ba, kuma ba a daina biyan albashi ko karɓar kaya a sito ba.

A irin wannan hali bambancin tsarin biyu yake fitowa fili. Idan kwamfutar ɗakin kati tana neman sabar bayanai da suna, kuma mai fassara suna zuwa adireshi, wato DNS, yana waje, kamar 8.8.8.8 na Google da aka saba rubutawa, to da zarar layi ya yanke sunan ya daina fassaruwa. Sabar tana kunne a ɗakin da ke kusa, kebul lafiya lau, amma ba a iya kaiwa gare ta. A wasu rautocin ma, faɗuwar layin waje kan tafi da hanyar da ke kaiwa ga adiresoshin kamfani gaba ɗaya. Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba. Takardar shaidar tsaro ta kyauta ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, ana sabunta ta ta intanet idan saura kwana 30, don haka yankewar da ta kusa wata uku ta isa ta sa mafi yawan irin waɗannan takardu su ƙare, manhajar buɗe shafi ta fara ƙin sabar gidanta. Agogon na'urori ma, idan babu mai daidaita shi a cikin gida, yakan karkace, kuma karkacewar agogo kaɗai tana hana shiga wasu manhajoji. Saboda haka ma'aunin kowane tsarin adireshi a wannan yanki shi ne a zare kebul ɗin waje a ga abin da ya rage yana aiki. Fassarar suna, daidaita agogo da rabon adireshi dole su kasance a cikin gida, kowanne a kan adireshin da ba ya motsi.

Zana tsarin cikin gida

Tun 1994 aka keɓe rukunai uku don amfanin cikin gida kyauta, su ne 10.0.0.0/8, 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Na farkon kaɗai ya haura adiresoshi miliyan 16. Duk da wannan yalwa, mafi yawan ƙananan ofisoshi suna zaune a kan abin da rauta ta zo da shi daga shago, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 na na'urorin Huawei. Illar ba ta bayyana sai ranar da aka so haɗa ofisoshi. A ƙaddara wata cibiyar lafiya mai hedikwata a Gusau, da reshe a Tsafe a kan hanyar Funtuwa, da wani a Bungudu a kan hanyar Sakkwato. Idan duka ukun suna kan 192.168.1.0, kwamfutar Tsafe da ta nemi 192.168.1.10 za ta ɗauka maƙwabciyarta ce a cikin gini, ba za ta taɓa tura saƙon zuwa Gusau ba. Gyaran kuwa shi ne a sake lambar ofisoshi biyu daga tushe, a lokacin da aiki ya riga ya yi nisa.

Maganin yana kan takarda kafin a taɓa kebul. A ba Gusau 10.20.0.0/16, Tsafe 10.21.0.0/16, Bungudu 10.22.0.0/16. Lamba ta biyu ta faɗi gari, ta uku ta faɗi nau'in na'ura, misali 10 ga sabobi, 20 ga kwamfutocin ma'aikata, 30 ga firintoci da kyamarori, 40 ga wayoyin baƙi. Ta huɗu ta faɗi hidima, kuma ta zama iri ɗaya a ko'ina. Wanda ya ga 10.21.10.5 ya san sabar bayanai ce ta Tsafe, ya kuma san takwararta ta Bungudu ita ce 10.22.10.5 ba tare da ya buɗe littafi ba. Wannan yana da nauyi fiye da kyan gani. Hanyar Gusau zuwa Tsafe ta sha fama da hare-hare, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa injiniya tafiya a kanta don kawai ya gano lambar firinta. Adireshin da za a iya faɗa ta waya, ma'aikacin reshe ya rubuta ba tare da kuskure ba, ya rage tafiyar da ba dole ba.

Girman rukuni ma abin dubawa ne. Rukunin /24 da aka saba da shi na'urori 254 yake ɗauka. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, cibiya mai kujeru 250 ta zama abin da aka sani, kuma idan aka ƙara kwamfutocin ko-ta-kwana, saba da kyamarori, an wuce 254. Rukunin /23 mai ɗaukar 510 ba ya cin ko sisi, rashin tunaninsa da wuri ne ke jawo kwamfutocin ƙarshen layi su rasa adireshi ranar jarrabawa.

Sai muhawarar da aka daɗe ana yi, a rubuta adireshi da hannu a jikin saba, ko a bar DHCP, wato mai rabon adireshi kai tsaye, ya riƙa ba ta lamba ɗaya kullum? Masu goyon bayan hanya ta biyu suna da gaskiya cewa komai yana taruwa wuri guda, gyara ya yi sauƙi. Amma DHCP aro yake bayarwa na ƙayyadadden lokaci, a ƙananan rautoci sau da yawa awa 24. Na'ura tana neman sabunta aron idan ya kai rabi, ta sake nema idan ya kai kashi 87.5 cikin ɗari, idan wa'adin ya cika babu amsa sai ta saki adireshin. Kwamfutar Windows kan ba kanta lambar da ke farawa da 169.254, wadda ba ta kai ta ko'ina. A jihar da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da inbata a yini guda, ga tsawar damina da ke ƙona rauta, mutuwar mai rabon adireshi abu ne da ya kamata a sa a lissafi. Don haka sabobin da aiki ya rataya a kansu, tare da rauta da suwic mai haɗa na'urorin cikin gida, a rubuta musu da hannu, daga yankin da aka ware wanda DHCP ba ya taɓawa. Firintoci da kyamarori a bar su ga DHCP da lambar da aka keɓe musu. Mafi munin kuskure shi ne a rubuta lamba da hannu daga cikin yankin da DHCP ke rabawa, domin wata rana wayar wani baƙo za ta karɓi lambar sabar, aiki ya riƙa yankewa yana dawowa, a yi ta zargin kamfanin intanet.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi waɗannan zurfi, ita ce adireshi ya bi hidima, kada ya bi ƙarfe. Katin sadarwa guda yana iya ɗaukar adiresoshi da yawa. Idan kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da bayanan marasa lafiya da kuma fassarar suna, a ba ta adireshinta na kanta don kulawa, sannan kowace hidima a ba ta nata dabam. Ranar da kwamfutar ta ƙone, sai a ɗauke adireshin hidimar a ɗora a kan ta ajiya, babu kwamfutar ma'aikaci ko ɗaya da za a taɓa. Abin kiyayewa kawai shi ne mashiga ta zama ɗaya. Sabar da aka rubuta wa mashiga biyu a kati biyu takan karɓi tambaya ta nan ta mayar da amsa ta can, katangar tsaro ta jefar da amsar.

Yadda za a kashe biyar ɗin

Idan cikin gida ya zauna, rabon adiresoshin waje ya zama ƙaramin aiki. Duka biyar ɗin su tsaya a kan rauta, ita ce za ta riƙa miƙa abin da aka yarje zuwa adireshin ciki. Na farko ya zama na fitar ma'aikata intanet da kuma mahaɗar VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga cikin gida ta intanet. Rassan Tsafe da Bungudu ba su buƙatar adireshin dindindin ko ɗaya, domin manhaja irin WireGuard, da ta shiga cikin Linux a 2020, tana iya kiran Gusau daga bayan CGNAT ta riƙe hanyar a buɗe. Na biyu ya ɗauki duk shafukan intanet, komai yawansu. Tun HTTP/1.1 na 1997 adireshi guda ke iya ɗaukar shafuka masu suna dabam-dabam, kuma dabarar SNI ta 2003 ta kawo haka ga shafuka masu tsaro. Manhaja irin Nginx ko HAProxy ce ke duba sunan da aka nema ta tura wa sabar da ta dace. Saƙon imel, ga mai riƙe da sabarsa, ya cancanci na uku shi kaɗai, saboda ana auna mutuncin adireshin da ke aika saƙo, kuma kwamfuta ɗaya mai cuta a ofis tana iya sa a saka adireshin kowa a jerin waɗanda ake toshewa. Na huɗu a ajiye shi ga hulɗa da banki ko kamfanin biyan kuɗi da ke sharɗanta a zo masa daga adireshi ɗaya sananne. Na biyar a bar shi fanko, don gwaji da ranar ƙaura.

Sabar bayanai, ta lissafi da na'urar kyamarori ba su samu komai ba, kuma da gangan ne. A 2016 cutar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci da aka bari a buɗe da kalmar sirrin masana'anta. A Mayun 2017 WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Duk adireshin waje ana ƙwanƙwasa shi dare da rana daga ko'ina a duniya, babu ruwan mai ƙwanƙwasar da ko a Bungudu yake ko a Landan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuwa ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Shugaban ma'aikata da ke son ganin kyamarori daga Abuja ya shigo ta VPN kamar kowa.

Sukar da ake yi wa wannan matsayi

Suka ta farko ita ce, me zai hana a kwashe komai a kai sabobin haya na nesa a huta? Ga shafin da jama'ar waje ke ziyarta, wannan magana daidai ce, kuma wannan maƙala ta yarda da ita. Har ma ana iya hayar ƙaramar saba guda a Legas ta zama mahaɗar VPN, garuruwan uku su riƙa kiranta, a daina biyan adireshin dindindin a Gusau. Amma bayanan da ma'aikaciyar jinya ke buƙata a gefen gadon mara lafiya ba su jure yankewa irin ta 2021, kuma hayar da ake biya da dala ta yi nauyi tun faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023. Abin da ake buƙata kowane minti ya zauna a gida, kwafinsa ya tafi nesa duk lokacin da layi ya samu.

Ta biyu ta fi ƙarfi a ilmance. Masana da yawa na ganin ɓoye sabobi a bayan rauta faci ne kawai, IPv6 mai gurbi 128 ya kawar da ƙarancin, tunda rukunin /48 guda yana ba ma'aikata yankuna 65,536. Haka ne, kuma ya kamata duk sabon kayan da za a saya ya iya IPv6. Sai dai rukunin da kamfani ya bayar na IPv6 shi ma na haya ne, yana tafiya idan an rabu. Shi ya sa a 2005 aka keɓe adiresoshin cikin gida na IPv6, masu farawa da fd. Mai son mallakar nasa na waje sai ya nema daga AFRINIC, inda mafi ƙarancin rabon IPv4 shi ne 256, ga kuɗin shekara, ga buƙatar injiniyan da ya iya BGP, wato ƙa'idar da cibiyoyi ke sanar da juna hanyoyinsu. Wannan ya dace da babbar cibiya irin Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko gwamnatin jiha da za ta iya karɓar rukuni ɗaya ta raba wa asibitoci da makarantunta. Bai dace da asibitin gado talatin ba.

Ta uku ita ce an tara komai a kan rauta guda, idan ta mutu kowa ya mutu. Rabin wannan gaskiya ne. Mutuwarta tana yanke waje, amma idan an bi tsarin da aka bayyana, sabobi da kwamfutocin ciki za su iya ci gaba da magana, muddin suwic ne ke haɗa yankunan kuma rabon adireshi da fassarar suna ba a kan rautar kaɗai suke ba. Rauta ta biyu a cikin kwali, wadda aka riga aka ɗora wa saitin ta farko, ta fi araha a kan yini guda na tsayawar aiki.

Ta ƙarshe ita ce wadda shugabannin ma'aikatu ke yi, wa zai riƙe wannan tsari? A wurare da dama aikin kwamfuta yana hannun ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, ko ɗan kwangilar da ya kafa kaya ya koma Kano ko Kaduna da lambobin a kansa. Wannan hujja ce ta rubutawa, domin tsarin da ba a rubuta ba shi ne ke tafiya da mai shi. Rajistar adireshi ba ta buƙatar manhaja mai tsada. Shafi biyu sun isa, a nuna kowane adireshi, hidimar da ke kansa, na'urar da ke ɗauke da shi, ɗakin da take, wanda ya ba da shi da ranar da aka bayar, tare da abin da rauta ke miƙawa daga waje zuwa ciki. Kwafi ɗaya a manne a ƙofar akwatin sabobi, ɗaya a ofishin shugaba, kalmomin sirri kuma a ambulan dabam a kulle. Ya kamata masu rubuta takardar kwangila a ma'aikatu da ƙananan hukumomi su sanya wannan rajista cikin kayan da za a miƙa, su kuma sharɗanta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an zare kebul ɗin waje a gaban jami'in ma'aikata, an kashe wuta an kunna, ɗakin kati ya buɗe fayil, firinta ta fitar da takarda.